Zoben Robar Baba da Ƙafar Jirgin Malam Isufu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Isufu, Allah ya jiƙansa. Abin da na fara gani a jikinsa jan tabo ne a hannun farar rigarsa, cikin tram, jirgin ƙasa na cikin gari, a Villeurbanne kusa da Lyon. Na ɗauka jini ne. Ni kuwa da littattafan soyayya na girma, nan take zuciyata ta shirya masa labari: ga wani bawan Allah ya ji rauni garin ceton wata, yana ɓoyewa. Na miƙa masa hankici. Ya dubi hannun rigar ya ce, "Ba jini ba ne, man ƙafar jirgi ne."

Injiniyan lantarki ne daga Damagaram. Asabar da Lahadi kuwa a wata rumfa yake wuni, bakin wani ƙaramin filin jirgi a wajen Lyon, yana haɗa jirgi mai kujera biyu da hannunsa. Bayan aurenmu ya yi mini alkawarin kujera ta biyu. Na sha kwantawa ina ganin kaina sama da gajimare, gyalena yana kaɗawa. Shi ya tuna mini cewa gilashi ake rufewa.

Ƙafafun jirgin da ƙarfin mai suke naɗewa su shige ciki, da shi kuma suke miƙewa in za a sauka. Ta dama lafiya lau. Ta hagu sai ta sauko rabi ta tsaya, fitilarta ta ƙi yin kore. Aikina shi ne in zauna a kujerar matuƙi, jirgin na ɗage bisa ƙarafa, ina taɓa makunni, shi kuma yana kwance a ƙasa yana kira, "Sama! Ƙasa! Ramatu, barci kike?" Ya fitar da iska daga bututu. Ya gwada famfo. Ya toshe layukan mai ɗaya bayan ɗaya yana kallon ma'auni. Yakan ɗora tafinsa kan ƙarfe yana jin inda ya yi ɗumi, domin a cewarsa man da ke satar hanya ta ciki ba ya ɗiga, zafi yake bari.

Yanzu ina ganin ɗalibai suna ɗaukar hoton duk abin da ya lalace su tambayi waya. Ina son sanin abin da Malam zai ce. Ina jin da zai karɓi wayar ya karanta amsar har ƙarshe, domin shi mai son sani ne, sannan ya nemi kwalin da yake shimfiɗawa ya kwanta ƙarƙashin fiffike.

Ranar da ya kwance silindar da ke tura ƙafar hagu ya ga abin. Zoben robar da ke tare mai ya kumbura ya yi laushi kamar dabinon da ya kwana cikin ruwa. Ya daɗe yana juya shi a tafinsa. Mahaifina ne ya ba shi wannan zobe.

Baba yana da shago a unguwar Goutte d'Or, yana tura kayan mota Maraɗi. Da ya ji surukinsa na haɗa jirgi sai ya aiko da ƙunshin zobba mafi kyau da yake da su, na birkin mota. Girman ya yi daidai, Malam ya saka a ƙafa ɗaya. Ashe robar birki ba ta shiri da jan man jirgi. Ga Baba kuma duk Juma'a yana tambayata a waya, "Kayana suna aiki?" Har ya gaya wa rabin masallaci cewa da robarsa jirgin zai tashi.

Na ce masa, "Ka sauya kawai, ka yi shiru."

"In ya tambaya fa? Ba zan yi masa ƙarya ba."

"To ka gaya masa."

"In dubi idon Baba in ce kayansa sun ɓata mini aiki?"

Da Baba ya zo Lyon ganin jirgi, Malam ya shimfiɗa masa darduma a rumfar, ya gaishe shi a durƙushe, ya ce zai je sayo ruwa. Kafin ya fita ya bar kofin shayi a kan tebur, cike da jan mai, da wani zoben Baba da ya kwana biyu a ciki, ga sabo kuma a gefensa. Baba ya ciro jiƙaƙƙen, ya matsa, ya shinshina yatsunsa.

"Wannan ba man birki ba ne," ya ce. "Tun yaushe ya sani?"

"An ɗan jima, Baba. Kunyarka yake ji."

"Kunya? A abin da zai ɗauki ɗiyata?" Ya leƙa ƙofa. "Ruwan nan daga Maraɗi zai kawo shi? Kira mini shi."

Da Malam ya dawo ba wanda ya ɗaga maganar. Baba ya tuɓe babbar riga ya riƙe masa fitila, suka saka zoben da ya dace, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Na taɓa makunni, ƙafar ta sauko ta kulle da ƙara, fitilu uku suka yi kore.

Na hau kujerar tawa a bazarar. Ba kamar a littafi ba ne, hayaniya ce da warin fetur, kuma na yi amai. Amma lokacin sauka na ji ƙafar hagu ta buga a ƙarƙashina, na ga leɓensa yana motsi da hamdala. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi daga baya, a kan gadonsa.

Jirgin yana hannun wani abokinsa, na ji yana tashi har yanzu. Baba ya koma Maraɗi, idonsa ya yi rauni, ƙanena ke riƙe da shagon da ya buɗe a can. Amma yana zaune a bakin ƙofa, kuma ba mai fita da zoben roba sai ya tsayar da shi ya tambaye shi cikin wane mai za a saka. Masu gaggawa kan yi tsaki. Baba yakan ce musu, "Yi haƙuri, ɗana. Surukina ne ya koya mini, kuma bai ce da ni uffan ba."