Tulun Gana a Bakin Jinga

Gana ba 'yar garinmu ba ce. Daga ƙasar Manga ubanta ya zo da ita tana yarinya, shi fataucin kanwa da gishirin manda yake yi a kan takarkarai. Ciwo ya kwantar da shi a ƙauyenmu, nan bakin kogi tsakanin Auyo da Haɗejiya, bai tashi ba. Ita kuma ta zauna, har Gwadabe masunci ya aure ta. Danga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Gwadabe a ruwa ya mutu, da rana tsaka, mutane na kallo. Tun safe yake jan taru cikin zafi, tarun ya maƙale a ƙasa, ya nutsa don ya kwance shi, bai fito ba. Waɗanda suka ciro shi sun ce naman sharaɓarsa ya dunƙule kamar dutse. Mutumin da ya iya ruwa tun yana rarrafe, ɗaurewar ƙafa ce ta ci shi. Ya bar ta da ɗa guda, Inuwa.

Da ta fita takaba sai muka fara ganinta a bakin kogi da tulu. Ta ce a ƙasarsu masu haƙar kanwa ba sa wuni a rana da ruwa zalla a ciki. Wai gumi yakan fita da gishirin jiki, in ba a mayar da shi ba sai jijiya ta ɗaure. Tsamiya take jiƙawa tun asuba, ta tace, ta jefa ɗan gutsuren kanwa har ruwan ya yi kumfa ya kwanta, ta sa manda abin da yatsu uku za su ɗauka, in akwai zuma ko mazarƙwaila ta ɗan ɗiga. Ta naɗe tulun da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a inuwar giyayya. Ba sayarwa take ba. Wanda ya sha in ya ga dama ya jefa mata kifi karfasa ɗaya a ƙwarya.

Da fari dariya ake yi mata. Akwai Sa'idu, abokin Inuwa, bakinsa ba ya hutawa.

"Ya Gana, yau ma kin kawo mana abin shan awaki?"

"Akuyar ta fi ka hankali," in ji ta. "Ita ba sai an roƙe ta take lasar kanwa ba. Karɓi ka sha, ƙafafu kamar sillen kara."

Ya sha yana yamutsa fuska, washegari kuma shi ne na farko a bakin tulu. A hankali masu fito da masu yankan shinkafa suka saba, har ana ce masa ruwan Gana. Ni ban san ilimin abin ba. Abin da na gani shi ne, a shekarun da tulun nan yake zuwa bakin kogi, ba mu ƙara ciro gawar kowa da ɗaurarriyar ƙafa ba.

Amma ba don mu take yi ba, kowa ya sani. Inuwa ya gaji ƙafar ubansa. Ko noma ya yi mai yawa sai ka gan shi zaune a kunya yana dukan cinya. Ga shi ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa a idon mutane. In za ta ba shi sai ta miƙa wa na kusa da shi ƙwarya ta ce, "Miƙa wa wancan." Shi ya sa take shayar da gari gaba ɗaya, don ƙwarya ɗaya ta kai bakin mutum ɗaya ba tare da an ce ta nuna son ɗa ba.

Sai shekarar nan ta yaƙin Turawa, wadda gishiri ya yi wuya har ana auna shi da murfin kwalba. Azumi ya faɗo a tsakiyar damina. Kogi ya cika, ya ɓalle jingar da ta tare fadamar shinkafarmu. Bulama ya sa aka yi shela, duk namiji mai ƙarfi ya fita. Mu manya muna kan tudu muna cika kwanduna da ƙasa, samari suna ɗauka a guje, wasu suna cikin ruwa har ƙirji suna kafa turaku, suna danna dammunan ciyawa. Rana ta fito bayan ruwan sama, irin wadda ko kana zaune gumi ke tsiyaya. Kowa da azumi a bakinsa.

Gana takan ɗura wa ɗanta ruwan nan da sahur har ya ce cikinsa zai fashe. Kwanakin farko ruwan ya riƙe shi. Amma aikin ya ƙi ƙarewa, mu toshe nan, can ya buɗe. Na ga yadda yake fitowa daga ruwa yana ɗingishi, yana ɓoyewa.

Ta same ni ta bayan danga, ta ce, "Malam, ka je min wajen Liman. Ni mace ce, ba zan iya ba."

Na je. Liman bai ɓoye komai ba. Ya zo har bakin jinga ya faɗa da bakinsa cewa wanda ya ji zai halaka ya sha, ya rama bayan salla, addini bai ce a kashe kai ba. Kowa ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam." Kowa kuma ya koma ruwa.

Washegari da hantsi ta kawo tulu, da ragowar mandar da ta ɓoye tun kafin tsada. Ta ajiye a inda kowa zai gani, ta kifa ƙwarya a kai, ta koma gefe ta zauna. Na ga idanu suna zuwa kan tulun suna komawa. Leɓuna duk sun bushe. Amma wa zai fara? Wanda ya fara, shi ne ragon gari har ya mutu, 'ya'yansa ma za su ji. Sa'idu ya wuce da kwando a ka, muryarsa ta dishe, ya ce, "Ya Gana, ajiye mana sai an ga tauraro. Nan babu mai jego." Aka yi 'yar dariya. Inuwa ma ya yi, bai dubi inda take ba.

Bayan azahar abin ya faru. Inuwa yana riƙe da turke a daidai inda ruwa ya fi ƙarfi, sai muka ga ya saki, ya kama cinyarsa da hannu biyu, ya kife. Bai ko yi ihu ba.

Ita ce ta yi. "Inuwa! Inuwa!"

Tun da aka raɗa masa suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Sa'idu ya faɗa ruwa ya cafko shi a wuyan riga, aka ja shi tudu. Ƙafafunsa biyu sun sandare, yatsun sun tanƙware, idonsa ya juye. Kafin kowa ya ce wani abu ta ɗora kansa a cinyarta, ta buɗe bakinsa da yatsa, tana ɗura masa ruwan tulun kaɗan-kaɗan, tana murza sharaɓar da ɗaya hannun. Mayafinta ya faɗi ba ta sani ba. Maza sun kewaye su, kowa ya sunkuyar da kai.

Can ya farfaɗo. Ya ɗanɗana bakinsa, ya dubi rana, ya dubi mutane.

"Inna, me kika yi min?"

Ta ci gaba da murza ƙafar.

Jinga ta toshu daga baya, mun tsira da rabin shinkafa. Liman ya ce babu laifi a kan yaron, ya rama rana ɗaya. Amma bakin mutane ba ya bin Liman. A dandali 'yan mata suka sa shi a waƙa, wai saurayin da aka shayar a cinya. In ya zo wucewa sai wani ya maƙale murya ya kira sunansa sau biyu irin na mata. Sa'idu ya yi dambe da mutum biyu a kan haka, bai hana ba. Gidan da Inuwa yake neman aure suka fara cewa a dakata tukuna.

Na kira shi na ce, "Ɗana, magana ce, za ta wuce."

Ya ce, "Baba, da ta bar ni, da yanzu ana cewa na mutu da azumi a bakina."



Bayan ƙaramar salla ya tafi Malam Madori ya hau jirgin ƙasa. Wasu sun ce sun gan shi yana dakon gyaɗa a Nguru, wasu sun ce ya shiga soja. Ba saƙo, ba aike. Duk fataken da za su gabas, Gana takan ƙulla musu tsamiya da kanwa da manda a tsumma, ta ce, "In kun ga wancan, ku ba shi. Ku ce yatsu uku, kada ya zarce." Suna karɓa don kunya. Ban san inda ƙullin yake ƙarewa ba.

Ta ci gaba da kai tulu bakin kogi har ƙarfinta ya ƙare, daga nan Sa'idu ne yake ɗaukar mata. Wata rana muna zaune a gindin giyayyar, na tambaye ta ko tana da-na-sani.

Ta ce, "Uban na bar wa kogi, don ban sani ba. Wannan na sani. To, ya zan yi, Malam?"

Ta rasu shekara biyu da suka wuce, a kaka. Har aka kai ta, Inuwa bai zo ba.