Ranar da Na Ɓoye Rediyon Baba

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan manta da damunar da na kusa sa mahaifina ya karya alkawarin shekara arba'in ba.

Lokacin ina sabon malamin makaranta a Funtuwa, ji nake duk wani abu na zamani ni aka aiko in kai ƙauye. Wani mai shago ya rantse min cewa tashoshin rediyo sun kusa komawa sabon tsarin da ake kira dijital, tsofaffin rediyo kuwa sai dai a zauna a kansu. Da aka ba mu hutu na sayi sabon samfurin, wanda dijital kaɗai yake kamawa, na nufi ƙauyenmu kusa da Dayi, baki har kunne.

Baba ya jujjuya shi, ya ce, "Wannan dijital ɗin naku, tun yaushe nake jin yana tafe? Ko a ƙafa ya taho?"

Na ce, "Baba, ai ya kusa."

Ya ce, "To, in ya iso ka yi min sallama da shi."

Wallahi na ji haushi. Na ɗauke tsohon rediyonsa mai ɗaurin roba na cusa a rumbu, wai don ya saba da sabon. Kwana uku muna latse-latse, ko tari abin bai yi ba. Girman kai ya hana ni fito da tsohon.

Ashe ba labarai kawai Baba yake saurare ba, sanarwar rasuwa yake jira. Amininsa na Mahuta yana kwance ba lafiya, kuma tun suna samari suka yi alkawari: wanda ya rage shi zai yi wa ɗan'uwansa wanka. Waya kuwa ba ta shiga ƙauyenmu.

Muna cikin gonar masara da hantsi, sai ga wani makiyayi maƙwabcinmu, rediyo rataye a kafaɗa. Ya ce, "Malam, kana nan? An sanar amininka ya rasu, jana'iza bayan azahar!"

Baba ya yi salati, ya ajiye fartanya, ya dube ni. Ni kuwa da wannan kallon gara a ce dukana ya yi. Muka ruga gida, na tayar da babur ɗina, muka keta taɓo. Mun tarar an gaji da jira, har wani ya naɗe hannun riga zai fara wankan gawar. Suna ganin Baba suka ba shi wuri, ya cika alkawarinsa.

A hanyar dawowa ya dafa kafaɗata, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka iya tuƙi. Kai ma ɗan zamani akwai ranarka."

Ba na gaba da zamani, in ya zo muna maraba. Amma tun daga ranar na san ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.