Ranar da Kawu Ya Buɗe Ƙofar Gaba

Duk dangi Kawu suke ce masa, mutanen layi kuwa Mai Katifa. A shagon mahaifinsa ya koyi bugun auduga tun bai iya ɗaga buhu ba. A nan ya yi furfura, a nan ya kwaso tarin da ya ƙi barinsa. Da sanda da babbar allura ya riƙe ƙanwarsa da 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu.

A zamanin mahaifinsa layin nan ba masaka tsinke. Da aka ɗauke tashar mota aka kai ta bayan gari, sai layin ya mutu a tsaye. Masu yadi suka tashi, mai gyaran agogo ya bi su. Wani mai walda ya kama shagon da ke jikin na Kawu, tartsatsinsa na tsalle har bakin ƙofa. Don tsoron gobara Kawu ya sauke ƙofar gaba, ta ƙarfe, ya datse, ya koma shiga da fita ta lungun baya. Masu kawo tsohuwar katifa a farfaɗo musu da ita duk sun san hanyar. Shekaru suka shuɗe a haka.

Sai hukuma ta tuna da layin. Aka zuba kwalta, aka kafa fitilu, aka kawo masu fenti su maido wa tsofaffin gine-ginen kyansu na da. Aka sanar cewa shagon da ke aiki zai zauna hannun mai shi, wanda aka yasar kuwa za a ba sababbin 'yan kasuwa. Masu dubawa ta titi suka bi. Suka ga ƙofa ta ci tsatsa, ciyawa ta tsiro a gindinta, suka shafa mata jar alama suka wuce. Kawu yana ciki yana dukan auduga, bai ji komai ba.

Mai Walda ne ya zagayo ta lungu.

"Tsoho, an binne ka da ranka! Fito ka gani."

Kawu ya je ofishin da auduga a gemunsa. Aka ce jami'ar aikin za ta sake zagayowa. In ta tarar da ƙofa a buɗe ana aiki, za a goge alamar. In ba haka ba, ya kwashe kayansa.

Ƙofa kuwa ta ce ba ta san zancen ba.

"Bari in sa mata wuta in yanke," in ji Mai Walda.

"Kai, yaro, gasa ni za ka yi? Ka san abin da ke bayanta?"

Suka ɗura mata baƙin mai, suka bi ta da guduma, suka cusa ƙarfe a ƙasanta suna ɗagawa. Ko motsi. Ƙanwarsa ta kawo masa abinci ta tarar tafin hannunsa ya tsage.

"Yaya, don Allah ka bari haka. Jini kake yi."

"In na bari, ina zan kai ku?" ya ce, bai ko ɗago ba. "Wa zai ɗauki tsoho mai tari aiki? Riƙe min ƙarfen nan."

Ta ajiye kwanon, ta riƙe.

Da safiyar zuwan jami'a, Kawu ya farke buhuna ya buge auduga har ta yi laushi, ya tara ta tsibi a tsakiyar shago. So yake da an leƙo a ga aiki, kada a ce shirya abin aka yi. Ƙofar baya tana buɗe kamar kullum. Can ƙarshen layi aka hango jami'ar da mutanenta suna tafe suna duba ginin da aka gama fentawa da sassafe. Kawu da ƙanwarsa da Mai Walda suka danna ƙarfen da duk ƙarfinsu. Ƙofa ta yi ƙara, ta naɗe sama gaba ɗaya.

Kawu ya manta yadda iska ke yi in shago yana da baki biyu. Ta shigo ta lungu, ta ɗebi tsibin nan, ta watso shi titi. Auduga ta turnuƙe layin, ta bi ɗanyen fenti ta manne, bango bayan bango. Masu fenti suka sauko daga tsani suna zage-zage. Kawu ya fito da gudu yana cafkar iska, tari ya sarƙe shi, ya dafa bango, hannunsa ya fito da rawayan fenti.

Jami'ar ta tsaya a gabansa tana cire auduga daga gilashin idonta.

"Ranki ya daɗe," ya ce da ƙyar, "kin dai ga ina aiki."

"Na gani, Baba. Kowa ya gani." Ta dubi bangon, ta daɗe tana kallo. "Shagon naka ne, za a goge alamar. Amma ba za a sake buga auduga a layin nan ba. Gefenka masu abinci za su zauna."

"To me zan yi a ciki?"

"Ka sayar da katifar da aka gama."

"A ina zan gama ta?"

Aka kira ta gaba, ta wuce.

Kafin la'asar Kawu ya ari baro ya kwashe sauran buhunan zuwa gida. Babu inda za su shiga sai ɗakin kwanansa. Ƙanwarsa ta tare ƙofa.

"Yaya, a nan za ka buga, a nan za ka kwana? Da wannan ƙirjin?"

"Matsa min," ya ce. "Akwai katifar mutane da ban rufe bakinta ba."

Ya shige, ya rufe taga don kada ƙurar auduga ta damu maƙwabta, ya ɗauki sanda.