Baba Mai Sanda, Wanda Ya San Inda Ruwa Ya Bi

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙyaure, kafin motocin haya su cika titi da ƙara, masu shara sun saba ganin wani dogon dattijo, mai furfura har a gira, yana tafe a gefen kwalta da sandar ƙarfe a hannu. Yakan yi taku goma sha biyu ya tsaya. Sai ya kafa tsinin sandar a ƙasa, ya jingina kunnensa na dama da ɗan katakon da ke samanta, ya lumshe ido. In bai ji komai ba ya wuce. In kuwa ya ji, sai ya ciro alli daga aljihu ya zana da'ira, ya aika wa ma'aikatar ruwa cewa ga inda bututu ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Wannan shi ne Baba Mai Sanda, kuma dominsa muka ɗauki alƙalami yau.

Shekara talatin da biyar ya yi a ma'aikatar. Ya shiga yana lebura mai riƙe da diga, ya fita yana shugaban masu neman yoyo. Shekararsa goma sha ɗaya ke nan da ritaya, ba wanda ya ɗora masa wannan yawon safe, ba kuma wanda ke biyansa.

Mu da muka ga yadda ake aiki a da, mun san ƙa'idar. In ma'aikaci ya kusa ajiye aiki, akan haɗa shi da magajinsa shekara guda cur, su yi ta zagaye tare har abin da ke kan wannan ya koma kan wancan. Haka aka yi wa Baba shi kansa, haka aka yi wa wanda ya koya masa. Da aka zo kansa, an riga an bar wannan tsari. Agogon bango aka ba shi da takardar yabo, aka ɗauki hoto, aka sallame shi da duk abin da ya sani.

Shaidu suna nan da ransu. Mai gidan burodin bakin kasuwa ya ce saura kaɗan ya rushe tandarsa saboda damshin da ya rasa tushensa, Baba ya nuna masa wurin yoyon, taku huɗu a wajen katanga. Shugabar makarantar firamare ta ce ya hana a fasa filin wasan yara gaba ɗaya, rami guda aka haƙa aka gama.

Sai bara abin da yake tsoro ya same shi. Ya zana da'irarsa a gaban wani shagon tela, leburori suka zo suka fasa kwalta, suka haƙa har ƙugu, ƙasa ta fito a bushe ƙamas. Babu wanda ya yi masa dariya, shirun ne ma ya fi yi masa ciwo. Likita ya duba ya ce kunnen dama ya gaji, na hagu kuma yana bin sahunsa. Baba ya koma gida, ya jingina sandar a bayan ƙofa, ya zauna. Wata biyu bai leƙa titi da safe ba.

Mai ɗakinsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ta ga abin da zaman ya yi masa. Abinci ya ragu, magana ta ragu. Yakan kunna rediyo ya bar shi yana ta surutu, shi idonsa na kan famfon tsakar gida.

"Malam, in hararar famfo aiki ne, da yanzu an ƙara maka girma," in ji ta.

"Me ya rage mini? Kunnen ne jarina, ya tafi."

"To ai ni shekara arba'in ina magana ba ka ji, ban ce ka daina amfani ba."

Ana cikin haka ruwa ya ɗauke a asibitin haihuwa na unguwar. Kwana tara ana jido a jarka, ungozomomi suna auna ruwan wanke hannu da kofi. Injiniyar da ke kula da shiyyar, mace mai himma, ta fito da na'urar sauraro irin ta zamani, wadda ke jin abin da kunnen mutum ba ya ji. Ta bi layin da taswirar ofis ta nuna, tun daga babban titi har ƙofar asibitin, sau uku. Shiru. A rana ta goma ta yi sallama a gidan Baba, ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yata, kin makara," in ji shi. "Kunnen da kika zo nema ya mutu."

"Baba, kunne ina da shi a mota, da batir ɗinsa. Inda zan aza shi ne ban sani ba."

Ta shimfiɗa taswirar a kan tabarma. Ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa. Can sai ya girgiza kai.

"Wannan takarda ta faɗi abin da aka yi niyya, ba abin da aka yi ba. Muna cikin haƙa muka ci karo da dutse, diga uku ya karya mana. Sai muka karkatar da bututun, muka tsallaka titi, muka bi ta bayan inda yanzu ake wankin mota. Mai zanen yana hutu, da ya dawo ba wanda ya gaya masa. Shekarar da aka haifi babbar 'yarmu ne."

Inna tana daga bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba babbar ba, mai bi mata. Ka zo asibiti da laka har gwiwa, aka hana ka shiga sai da ka wanke ƙafa."

Ya ƙirga da yatsu. "Gaskiyarta. To in mai bi matan ce, an riga an daina kawo bututun ƙarfe. Wanda muka sa irin mai saurin tsagewa ne, kuma a gwiwar da muka yi, inda ya lanƙwashe, zai tsage. Nemi gwiwa ta biyu."

Aka ɗauke shi a mota. A bayan wurin wankin motar, inda ƙasa kullum a jiƙe take har ba mai zargin komai, ya tsaya ya nuna da ƙafa. Injiniya ta aza na'urar, ta saurara, sannan ta cire abin kunnen ta miƙa masa da hannu biyu, ta ƙure ƙarar. Masu wankin mota da suka taru sun ce sun ga dattijon ya runtse ido. Bayan wata biyu, ya sake jin ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙasa. Kafin la'asar famfunan asibitin suka kawo.

Tun daga ranar, duk Talata da Alhamis injiniya takan zo da ma'aikatanta biyu, a shimfiɗa taswira a ɗakin Baba. Shi yana faɗin inda bututu ya bi, Inna tana gyara masa shekara, domin shi da haihuwa da yaye da ciwon haƙorin yara yake lissafin aikinsa, ita kuwa ba ta taɓa kuskuren ɗaya ba. Titi saba'in da huɗu aka gyara zanensu zuwa yanzu. An ce injiniya ta nemi a rubuta sunayensu su biyu a ƙasan sabuwar taswirar. Inna ta ce ita dai a saya mata sabuwar tabarma, wannan gwiwoyin injiniyoyi sun cinye ta.

Baba, kai ne ka shayar da gari ba ka taɓa tsayawa a gaban taro ba. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya a bainar jama'a, ka ɗauki kunyarsa ka kai gida, ba ka ɗora wa lebura ko sanda laifi ba. Da aka zo neman abin da ya rage maka, ba ka ja rai ba, ba ka ce sai an biya ka shekarun da aka manta da kai ba. Jariran da aka yi wa wankan farko da ruwan ranar nan ba za su san ka ba, amma iyayensu mata sun sani. Mun gode. Inna, ke ma mun gode, domin rabin taswirar nan a kanki take.

Ga shugabannin ma'aikatu kuwa, ba sabon abu muke roƙo ba, tsohuwar ƙa'ida ce muke cewa a dawo da ita. Kowace ma'aikata tana da irin Baba: tsohuwar nas, tsohon mai gyaran layin wuta, tsohon magatakarda, suna zaune a gida da abin da babu shi a kowace takarda. Ƙarfi ya ragu, ido ko kunne ya ja baya, amma sanin yana nan, kuma ba zai jira ku har abada ba. Ku kuma 'yan'uwana dattawa, in gaɓa ɗaya ta gaza, kada ku yanke wa sauran hukunci.

Ku nemi gidajensu tun suna iya amsa sallama. Ku tafi da takarda da biro, ku cire takalmi, ku zauna ƙasa, kuma kada ku yi sauri.