Malama Otilia da Makin Ɗa'ar Ilinca

Bakwai saura kwata motar safa ke sauke Malama Otilia a bakin makarantarmu, jaka a kafaɗa, burodi da cuku a ƙunshe. Shekara ashirin da shida ke nan tana zama da yaran da karatu ya yi wa nauyi, ɗaya bayan ɗaya. Bana za ta yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi ɗaya daga cikin ayyukanta tana ji da kunnenta.

Akwai Ilinca, 'yar aji bakwai a lokacin. Uwarta na Italiya tana jinyar tsofaffi, yarinyar na hannun kakarta, Iya Safta. Sai ta yi mako uku bakinta bai rufe ba, tana katse malamai, tana dariya ba dalili. Sai kuma ta yi wata guda a kwance, ko ƙofa ba ta leƙawa. A wurinmu kuwa kun sani, makin ɗa'a ya yi ƙasa da biyar, sai maimaita aji, ko yaro ya ci kowane darasi. Na Ilinca saura ƙiris.

Da Malama Otilia ta ce wataƙila larura ce, Malam Grigore na lissafi ya ce, "Larurar me? Rashin kwaɓa ne. Uwa na Italiya, kaka na shagwaɓawa."

Malama Otilia ba ta yi musu ba. Ta ɗauko babbar rajistar ajin, wadda kowane malami ke duba layinsa kaɗai, ta kwafe ranakun duka a kalanda ɗaya, ja ga surutu, shuɗi ga fashi. Sai ga su a jere tun bara: ja, shuɗi, ja, shuɗi.

Ranar Asabar ta je gidansu Ilinca, ta tarar da Iya Safta tana tuƙa tuwon masara.

"Iya, kin taɓa kai ta wani wuri?"

"Na kai ta coci wurin Fada, ya yi mata addu'a."

"Madalla. Likita fa?"

Tsohuwa ta miƙa hannu bayan hoton waliyyi da ke bango, ta zaro takarda a ninke. Wata takwas tana nan. Likita ya rubuta larurar sauyin yanayi, wadda suke kira baifola.

"Malama, kin san ƙauyen nan. Takardar nan ta shiga makaranta, gobe a shago sunan jikata mahaukaciya."

"Iya, yanzu ma sun sa mata suna, mara kunya. Kuma wannan sunan ba ya zuwa da taimako."

"Ke dai bakinki ba ya mutuwa."

"Ba ni takardar. Daga hannuna sai hannun kwamitin tallafi."

Kwamitin da ke birni ya ce sa hannun kaka bai isa ba, sai na uwa, ga taron da malamai za su yanke makin ɗa'a saura mako uku. Malama Otilia ta yi ta neman uwar a waya har ta same ta. Takardar izini ta iso a hannun direban da ke kawo saƙo daga Italiya duk Juma'a, tsakanin kwalin kofi da garin sabulu. Sau uku Malama ta je birni kafin a amince wa Ilinca da tallafi.

Ranar taro ta ajiye kalandar gaban Malam Grigore. Ya daɗe yana kallo.

"Ranar da na kore ta, ja ce?"

"Ja ce, Malam."

"To me kike so in yi?"

"In abin ya motsa, ka bar ta ta zo wurina, kada ka sa mata fashi. Aiki ka gutsura mata kaɗan-kaɗan. Jarrabawa a ƙara mata lokaci."

"Sai ki ce in dafa mata shayi."

"Wannan ni zan yi."

Shi ya fara ɗaga hannu a bar mata makinta. Ilinca ta shiga aji takwas tare da ƙawayenta. Larurar ba ta tafi ba, har yanzu akan yi makonni masu wuya, amma tana shan magani, kuma bana tana sakandare a birni.

Malama Otilia, ke ce mai duba abin da kowa ya gani ya wuce. Ke ce ba ki kunyata tsohuwa ba, ba ki ƙasƙanta abokin aiki ba, kuma ba ki saki yarinya ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma 'yan baya masu takardar koyarwa, da ku nake. Yara tara ne ke da tallafi a makarantarmu zangon da ke tafe, kuma har yau da nake wannan rubutu ba wanda ya nemi kujerarta.