Titin da Ya Ratsa Falon Malama

A zamanin da garin yake da titin kwalta guda ɗaya tak, akwai wani ma'aikaci da kowa ke kira Mai Layi. Dogo ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne, rigarsa ta sha guga. Yana aiki a ofishin tsara gari, wani ɗaki mai dogon tebur a bayan ginin majalisa, inda ake barin fanka tana juyawa a hankali don kada ta kwashe takardu. Da safe sai ya fiƙe fensirorinsa da reza, ya jera su daga mai tauri zuwa mai laushi, kafin ya tsaya doguwar gaisuwa da kowa.

Garin kuwa ya soma fin ƙarfin titinsa. Tasha tana tsakiyar kasuwa, manyan motoci masu wucewa wasu garuruwa dole ta nan za su kutsa. Ranar da wata motar ta mace a ƙofar asibiti, gari ya tsaya cak har yamma. Daga nan majalisa ta ce a zana mata hanyoyin da jikoki za su bi: a fitar da tasha waje, a yi titin da zai kewaye gari, a keɓe filinsa tun gine-gine ba su cinye shi ba. Aikin ya faɗa hannun Mai Layi.

Shi kuwa yana da ƙa'ida. Ba ya zana hanya a kan taswirar da ke nuna gidaje. Yakan ɗauko wadda babu komai a kanta sai tudu da kwari da rafi, ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a bisa, ya bar ƙasa ta nuna masa inda hanya za ta bi. Ya ce in ya ga gida zai tuna mai gidan, in ya tuna kuma hannunsa zai yi rawa. Masu zuwa da fara'a suna roƙon a ɗan tsallake musu fili, sai ya juya musu takardar su duba da kansu: filin kowa ba ya ciki.

Zanen ya yi kyau, majalisa ta sa hannu, aka buga hatimi. Sai ya fita da leburori da turaku da na'urar awo mai ƙafa uku don a sauke layin a ƙasa. Suka bi gonaki, suka ƙetare rafi, har suka ɓullo bayan sabuwar unguwa a gefen gari. Ya kafa na'urar ya leƙa. A cikin madubin ya hango katanga, bayanta igiyar shanya, a kan igiyar wata farar riga mai tabon tawada a aljihu. Ya goge madubin da hankici ya sake leƙawa. Rigarsa ce. Kullum ta gaba yake shigowa gidan a kan kekensa, bai taɓa ganinsa ta baya ba.

Leburori suka shiga tarin ƙarya. Matarsa, wadda ake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta leƙo ta kan katanga ta tambayi abin da ya kawo shi bayan gida da jama'a haka.

Ya ce, “Malama, ina ganin hanya ta zo mana.”

“Gaisuwa ta zo, ko zama?”

“Ta falo za ta wuce.”

Gidan nan ɗaki-ɗaki suka gina shi. Ita ta zaɓi tagogi, ita ta riƙa yi wa bulo ban ruwa a lokutan hutun makaranta, falon kuma shi ne abin alfaharinta, mai jan daɓe da take gogewa har mutum ya ga inuwarsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi tef ɗin awonsa, ta sa ya nuna mata daidai inda gefen titin zai tsaya, ta ɗauko alli ta ja layi daga wannan bango zuwa wancan. Kujerarsa da rediyonsa da kabad ɗin littattafansa duka suka faɗa ɓangaren titi. Ta sanar da shi cewa ita ba ta share hanyar gwamnati, ba ta kuma kai abinci kan hanya. In 'yarsu za ta kai masa ruwa, sai uwar ta ce ta dubi hagu da dama kafin ta tsallaka. Ƙanen Malama, direban babbar mota, in ya zo sai ya yi oda da baki daga bakin ƙofa, ya ce wa Mai Layi, Yaya a matsa gefe, ga kaya.

Mai Layi yana dariya tare da su, amma ya lura. Ya ga yadda take tsayawa a bakin taga tana shafa katakon.

Shugaban ofis ya kira shi ya rufe ƙofa. Ya ce titin nan ba yau ba ne ba gobe ba, a ɗan lanƙwasa shi gabas, babu wanda zai kula. Mai Layi ya san inda lanƙwasar za ta sauka: gidan kafinta da rumfar aikinsa, mutumin da ya yi musu ƙofofi. Ya dawo gida ya shimfiɗa wa Malama maganar yadda take, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce gidan nata ne fiye da nasa, abin da ta ce shi zai yi.

Ta yafa mayafi ta fita. Ta zagaya ta wuce rumfar kafinta, suka gaisa, ta tsaya ta duba doguwar hanyar turakun da ta miƙe cikin gonaki har inda ido ya gaza. Da ta dawo ta tsaya a nata ɓangaren allin.

Ta ce, “In ka lanƙwasa, har abada za a riƙa cewa ga kwanar Malama. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane jan layi da rula. Bar shi.”

Amma da sharaɗi. Zai gina mata wani falon a ɗaya gefen, wanda ya fi wannan girma, barandarsa na kallon titin, kuma a wannan karon shi zai yi ban ruwan bulo. Ta ɗauko tsumma ta goge allin, ta share ɗakin duka.

Titi bai zo ba. Majalisa ta tafi wata ta zo, gara ta cinye turaku, ya maye su da na siminti. Kowace shekara yakan hau keke ya bi layin daga farko har ƙarshe, inda ya ga an soma haƙa harsashi ya sauka ya yi sallama. Masu ginin sukan ce ai shi yana da bakin magana tunda ba shi abin ya shafa ba. Sai ya gayyace su su zo su ga falonsa. Malama ta ba su ruwa, ta nuna musu inda motoci za su bi, su tafi suna girgiza kai su ja gininsu baya. Gari ya yi ta girma ta ko'ina, ya bar wannan doguwar gona a tsakiyarsa, mata na shanya, awaki na kiwo. Sabon falo ya tashi, 'yarsu ta yi aure, furfura ta rufe kan Mai Layi, ya yi ritaya.

Yana cikin shekarun fansho katafila ta iso. Injiniyan da ya zo da ita tsohon ɗalibin Malama ne. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ya duba, in aka ɗan matse hanyar masu tafiya a ƙasa, zai iya bar mata rabin ɗakin da tagar.

Ta ce, “Ɗana, na ba da falon nan tun ba ka iya ɗaura igiyar takalmi ba. Rushe har inda ya ce.”

Kafinta, wanda shi ma ya tsufa, ya zo ya cire ƙofa da tagogi da hannunsa. Malama ta shige sabon falo ta rufe, ba ta fito ba sai da ƙarar ta lafa. Idanunta sun yi ja, ta ce ƙurar siminti ce. Ta tsaya a baranda ta dubi inda jan daɓen yake a da, sannan ta dubi mijinta.

“Layin ya miƙe?”

Mai Layi ya dafa gwiwa ya tsuguna da ƙyar a gefen aikin, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe yana dubawa arewa da kudu.

“Ya miƙe, Malama.”

Ta ce, “Allah ya taimake ka. Da ya karkace, da yau za ka fara mayar mini da ɗakina.”