Doki Nawa Ce Motar Baba?

Motar injin niƙanmu, wato naɗin wayar lantarkin da ke juya komai, ta ƙone ana saura kwana kaɗan kasuwar Zuru ta ci. Ni nake kanta a lokacin, kamar yadda nake kanta tun ina saurayi. Mai gyara ya leƙa cikinta ya ce ta gama aiki, sai dai a sayi wata.

Matsalar ita ce ba wanda ya san ƙarfin doki nawa ce. Babanmu tsohon soja ne, kuma duk shekara sai ya shafe ta da koren fenti, har ɗan farantin da ke ɗauke da bayaninta ya nutse. Da muka kankare, rubutun ya bi fentin.

Na zaci ni Baba zai tambaya. Na ma shirya amsata: a sayo ƙatuwa irin wadda na gani a Mahuta. Sai ya ɗauki waya ya kira ƙanwata, wadda ta karanta lantarki a Birnin Kebbi, yarinyar da garin dawa ke sa ta atishawa tun daga bakin ƙofa.

Ta iso da farin mayafi da kayan awo a jaka. Ta auna kaurin sandar motar da gargaren da bel ke hawa, sannan ta juyo gare ni.

"Yaya, yaushe take fara zafi?"

"In an haɗa niƙa da surfe," na ce, ina cin magani.

"Da can tana jan duka biyun?"

"A'a. Bara muka ƙara injin surfen."

Haka ta yi ta tatsata. Jiƙaƙƙen hatsi ko busasshe ya fi sa ta nishi? Fitilun maƙwabta na dushewa in na tayar da ita? Na ce suna yi, har mai shagon kusa da mu, wani ɗan Ibo, kan fito yana faɗa. Ta ce to ƙatuwar da nake so ba za ta ko tashi ba a wutar unguwarmu, irin tsohuwar kuma za ta sake ƙonewa. Ta zaɓi wadda ta ɗara tsohuwar kaɗan, ta ce a riƙa tayar da ita ba kaya a kai.

Gaskiyarta ce, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ina son ƙanwata, amma a ranar nan, da a ce ta yi kuskure da na ji sanyi. Duk abin da ta yi lissafi da shi daga bakina ya fito, ita ba ta taɓa kwana da ƙarar injin nan a kunnenta ba.

Ranar da aka ɗaura sabuwar, ita ta riga ta koma bakin aikinta. Ni na ɗaure kusoshin, ni na ja bel. Motar ta tashi lafiya lau, mata suka jera kwanoni. Baba ya zo yana dogara sanda, ya ɗora tafinsa a kanta ya daɗe yana saurare. Na matso kusa, gari har cikin girata, ina jira.

Ya dubi matan ya ce, "Kun ji aikin ɗiyata?" Sannan ya miƙo mini tsumma ya ce in goge wa motar ƙura.